Satar fasaha a Kannywood

Satar fasaha ita ce kwafar aikin wani, kamar fim ko waƙa ko littafi, a sayar ko a raba shi ba tare da izinin mai haƙƙin mallaka ba. A masana'antar fina-finan Hausa ta Kannywood, matsalar ta kai ga durƙusar da kasuwar faifai, har ta sauya irin fina-finan da ake shiryawa.

Tun kafin fitowar Turmin Danya, ɗaya daga cikin fina-finan Kannywood na farko, a 1990, akwai 'yan kasuwa a Kano da suka ƙware wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka a kaset, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai. Injinansu da dillalansu ne suka kai fim ɗin Hausa har Nijar da Ghana da Kamaru. Dabarar da furodusa ke kare dukiyarsa da ita a lokacin ita ce kwali. Zai ba ɗan kasuwa uwar kaset tare da kwalayen da ya buga, a biya shi gwargwadon kwalin da ya fita. Duk kaset ɗin da ba ya cikin kwali na asali, na sata ne. Tsarin bai hana cuta ba, amma kuɗi na komawa hannun mai fim.

Zuwan CD da DVD ya sauƙaƙa kwafa, sai dai wayar hannu ce ta ƙarasa kasuwar. Masu turi suka bazu a tasha da bakin kasuwa da kwamfutocinsu: su sayi faifai ɗaya ko su sauke fim daga intanet, su riƙa tura wa jama'a a memori kan 'yan kuɗi kaɗan. Ga kuma fina-finan Indiya masu fassarar Hausa suna janye masu kallo. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 shagunan faifai da dama sun rufe, furodusoshi sun karye. Asarar ta fi taɓa waɗanda ba a ganin fuskarsu: marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tacewa.

Sannu a hankali aka koma hanyoyin halal. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango. A 2019 aka buɗe manhajar Northflix, inda ake biya a kalla. Mafi yawan masu shiryawa dai YouTube suka nufa, inda kallo kyauta ne, talla ke kawo kuɗi. Hakan ya sa ake ja da labari mako-mako, wani lokacin fiye da yadda labarin zai iya ɗauka.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin kama masu laifin da gurfanar da su a kotu. Sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa daga shafin da aka ɗora ba da izininsa ba. Tsadar data da ƙarancin masu biya ta intanet na cikin abin da ya sa har yanzu masu turi ke da kasuwa, musamman a karkara.