Tafkin kifi: ba kowane rami mai ruwa ba ne

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a shekarar 2023, maganar "tafkin kifi" ta zama ruwan dare. Ka kunna rediyo, ɗan siyasa na alƙawarin haƙa wa matasan mazaɓarsa tafkunan kifi. Ka buɗe Facebook, saurayi ya ɗora hoton tamfol a bayan gida ya ce ga tafkinsa. Kwanaki na ji wani mai gabatar da shiri ya kira dam ɗin Tiga tafkin kiwon kifi, ya kuma lissafa masuntan Argungu cikin masu kiwo. Abin ya tsaya mini a rai, domin wannan ruɗanin yana jawo wa talaka asara.

Kamun kifi daban, kiwo daban, kamar yadda farauta da kiwon tumaki suka bambanta. Kabawan da ke faɗawa kogin Matan Fada da koma da gora, a bikin da aka faro tun 1934, kamu suke yi. Masu jefa taru a Tiga da Kainji ma haka. Kifin da suke kamawa ba su suka zuba shi ba, ba su suka ciyar da shi ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin tafkin kifi da kududdufi. Mutanenmu da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, in ka haƙa rami ruwa ya taru, ka zuba kifi, shi ke nan ka zama mai gonar kifi.

Shi kududdufi ai ba don ruwa aka haƙa shi ba, don ƙasa aka haƙa shi. Duk tsohon garin da ka shiga, Kano ko Zariya ko Katsina, za ka tarar da kududdufai a tsakiyar unguwanni, domin ƙasar da ta zama tubali da soro da ganuwa daga nan magina suka ɗebo ta. Ramin da aka bari a baya sai damina ta cika shi. Ruwan sama ya shiga, ruwan kwata ya shiga, shara ta shiga. Ba wanda ya yi masa ƙofar shiga, ba wanda ya yi masa ƙofar fita. Ruwansa hanya biyu kawai yake tafiya, ko rana ta shanye, ko ƙasa ta tsotse. Kuma gaskiya ne ana samun kifi a ciki, mun kama da ƙugiya muna yara. Amma dubi irin kifin. Tarwaɗa ce, wadda Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganin ta leƙo sama ta koma. Ko kuma gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe take binne kanta a laka har wata damina. Waɗannan suna cikin kifayen da suka fi juriyar wahala, kuma su suka sa muke zaton kifi na yi a kowane irin ruwa. Tsira da rai ba girma ba ne. Tarwaɗar kududdufi na iya shekara ba ta wuce tafin hannu ba, alhali wadda aka kula da ita a tafki na gari takan kusa kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida.

To mene ne tafkin kifi, ko kandamin kifi kamar yadda wasu ke cewa? Ruwa ne wanda mai shi ke da iko da shi. Ya shigar da ruwa ranar da ya ga dama, ya fitar da shi har ƙasa ranar da ya ga dama, ya san adadin kifin da ya zuba da abin da suka ci. Ko na ƙasa ne, ko na kankare, ko na tamfol, in wannan sharaɗin ya cika sunansa tafkin kifi. Don haka saurayin nan mai tamfol ya fi mai gabatar da shirin gaskiya, domin tamfol ɗinsa na da bututun zubar da ruwa.

Na ga abin da rashin fahimtar nan ke yi da idona. Wani kawuna a ƙauye ya sayar da shanu biyu, ya ɗauko katafila ta haƙa masa rami a gefen fadamar gonarsa, daidai inda ruwa ke kwanciya. Ƙasar mai kyau ce, laka ce mai danƙo. Da na je gani na ce, "Kawu, ta ina za ka riƙa fitar da ruwan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwan da nake addu'ar ya zauna shi kake nema wa hanyar fita?" Ya zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu biyu. Wata na uku ruwan ya yi duhu, ya fara wari, da asuba sai ka ga kifin sun taru a sama ba sa karɓar abinci. Ruwa ba ya tsami banza: ragowar abinci da kashin kifi ne suka kwanta a ƙasa suna ruɓewa, suna cinye iskar da ke cikin ruwan. Da ruwan Agusta ya sauko, kwararar gonakin sama duk ta nufo ramin, ya cika ya tumbatsa cikin dare. Tarwaɗa kuwa tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da gari ya waye yaran maƙwabta ne ke tsintar kifin kawu a cikin shinkafa.

Mai son gina tafki a gonarsa, da ƙasa zai fara. A haƙa kamar tsawon hannu, a ɗebo ƙasar a jiƙa, a dunƙula a jefa sama a cafe. In ta tarwatse, yashi ya yi yawa, ruwa ba zai zauna ba sai an shimfiɗa leda ko an yi kankare. In ta tsaya dunƙule, akwai yumɓu. A kuma cika ramin gwajin da ruwa a bar shi ya kwana a ga nawa ya rage. Jigawa ba wurin tafkin ƙasa ba ne, komai kyawun filin.

Sai wuri. Wanda ya fi shi ne mai ɗan gangare, ruwa ya shigo ta sama, ya fita ta ƙasa da kansa ba sai an sayi fetur an tayar da inji ba. Zurfi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, a can ake sa bututun fitarwa. Ƙasar saman da ke da saiwa da ciyawa a kwashe ta gefe, kada ta shiga gini. Bangon tafkin kuwa kaɗan-kaɗan ake ɗora shi ana daɓewa, a ɗaga shi sama da bakin ruwa, a yi magudana a zagaye don kwararar damina ta wuce ta gefe. Da kawu ya yi wannan magudanar, da ta cece shi. A kewaye da raga saboda kwaɗi da guza da zalɓe, a kuma yi shinge saboda yara, don tafki a ƙauye ba abin wasa ba ne.

Abin da 'yan siyasa ba sa ambata shi ne ruwan rani. A ƙasarmu, tsakanin Maris da Mayu, rana kaɗai na iya shanye kusan santimita ɗaya a yini. Tafki mai mita 20 a tsawo da 10 a faɗi ke nan zai rasa lita 2,000 kullum, jarka 80 mai cin lita 25, ban da wanda za a canza saboda datti. In babu rijiyar burtsatse ko rafin da ba ya ƙafewa, kiwon na damina ne kawai, kuma gara mutum ya sani tun kafin ya sayar da shanunsa. Haka abinci, wanda ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa. Raba wa matashi 'ya'yan kifi ba tare da ruwa da abincin wata shida ba, ni a wurina ɗora masa bashi ne.

Gona taka ce, amma ruwan da ke ratsa ta ba naka kaɗai ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar haƙƙin gargajiya a kan filin karkara, kuma mai shirin zuba jari a rami ya kyautu ya riƙe tasa, musamman in gonar gado ce da ba a raba ba. Tare rafi kuwa don cika tafki, alhali a ƙasa akwai masu lambu da makiyaya da ke shayarwa, neman rigima ne da mai gari ba zai iya kashewa da sauƙi ba.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a arewa. Gonar kifi ta Panyam a jihar Filato tun shekarun 1950 take, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi kuma tana New Bussa a jihar Neja. Shi kawu, bayan shekara ya sake sabon tafki a ɗan tudu sama da na farkon, ƙarami, da bututu a gindinsa. Duk bayan 'yan kwanaki yakan kwantar da bututun, koren ruwan ya gangara cikin lambunsa na tumatir da alayyafo, ya sake cikawa daga rijiya. Tsohon ramin yana nan a fadama, shanu na sha a ciki.