Me Kirista yake nufi in ya ce "jaraba"?

A kasuwar Zuru in ka ji an ce wane jarababbe ne, an gama magana: goro ko taba ko bin mata sun riga sun ci ƙarfinsa. Amma ranar Lahadi, in jama'a suka miƙe a majami'ar UMCA ko ECWA suna Addu'ar Ubangiji, suka iso wurin roƙon kada a kai su cikin jaraba, ba wannan suke nufi ba. A bakin Kirista jaraba kamar tayi take. An ajiye maka abu a gabanka, ranka ya biya, amma ba ka kai ga miƙa hannu ba tukuna. Shi ya sa fastoci ke nanata cewa jaraba ba ita ce zunubi ba. A Littafi Mai Tsarki, Ibraniyawa 4:15 ta ce Yesu ma an jarabce shi ta kowace hanya, bai kuwa yi zunubi ba.

Daga Larabci muka aro kalmar, tushensu ɗaya da jarrabawar 'yan makaranta. Helenanci, yaren Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalma ɗaya yake da ita ga gwaji da jaraba, mu kuwa a wa'azi mukan raba su. Allah ya gwada Ibrahim a Farawa 22 don bangaskiyarsa ta fito fili. Jaraba kuwa so take ka fāɗi, kuma Yakubu 1:13-14 ya ce Allah ba ya jarabtar kowa, sha'awar mutum ce ke jan sa. Masu ɗora wa Shaiɗan komai ba su cika son wannan aya ba.

To, da me ake ture tayin? Amsar tana Matiyu 4. Yesu ya kwana 40 a jeji bai ci ba, Iblis ya zo masa sau uku, sau uku kuma ya mayar masa da "A rubuce yake". Dukan amsoshin daga littafin Maimaitawar Shari'a na Tsohon Alkawari ya ɗauko su, sura 6 da sura 8. Bai tsaya ciniki ba, ba kuma littafi ya buɗe ba. Ayoyin suna kansa tun kafin yunwar ta zo. Amfanin ayar haddacewa ke nan da ake ba yara a makarantar Lahadi, wadda da yawanmu muka ɗauka wahala ce kawai. Zabura 119:11 ta kira wannan ɓoye magana a zuciya.

Ɗauki mai awon dawa. Tana da mudu biyu a ƙarƙashin tebur, ɗaya lafiyayye, ɗaya an bubbuge gindinsa ya shiga ciki. Ga baƙo daga ƙauye, ga kuɗin makarantar yara bai cika ba. A daƙiƙar nan ba fasto, ba matan zumunta. Abin da zai iya riƙe hannunta shi ne in Maimaitawar Shari'a 25:14 ta faɗo mata a rai, inda aka hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami.

Sai dai aya ba laya ba ce da za a sa ƙarƙashin matashi. Iblis ma ya ja aya: Zabura 91 ya karanto wa Yesu, ya ce ya diro daga ƙololuwar Haikali tunda mala'iku za su tare shi. Mai awon nan ma tana iya lallashin kanta da cewa ai an rubuta wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Ayar gaskiya ce, 1 Timoti 5:8, amma ba ta halatta tauye mudu ba. Yesu aya ya sa ya kwance ayar da aka karkatar, don ya san littafin gaba da baya.

Luka 4:13 ya ƙara abin da Matiyu bai faɗa ba: Iblis ya rabu da shi ne zuwa wani lokaci. Muddin bugaggen mudun yana nan ƙarƙashin tebur, mai awo za ta sake jin tayin ranar kasuwa mai zuwa.