Fuloraid a ruwan sha: me adadin 1.5 yake nufi?

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp daga Aboabo har Asawase a Kumasi, wai akwai guba mai suna fuloraid a ruwan famfo, shi ke rina haƙoran yara. Maƙwabciyata har ta koma tafasa ruwan gidanta sau biyu. Hajiya, ki adana gawayinki. Tafasawa ba ta cire fuloraid, ruwan ne ke ƙafewa ya bar shi a tukunya.

Hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana ta bi ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. Ƙa'idar ta hau kan kamfanin ruwa, da masu piya wata, da masu rijiyar burtsatse da jama'a ke sha.

A wannan adadin ne ake ruɗewa. Iyaka aka sa, ba a ce a raba ruwa da fuloraid gaba ɗaya ba. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Idan ya yi yawa, yaro kuma yana sha lokacin da haƙoran girma ke haɗuwa cikin dasashi, wato kafin ya kai shekara 8, sai su fito da farin tabo, in abin ya tsananta su yi ruwan ƙasa. Wanda ya riga ya girma ba ya samun wannan tabon. Haƙoran Alhaji da suka yi ja bayan furfura, a tambayi goro.

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, irin wannan ruwan kuwa ba kasafai yake ɗauke da fuloraid mai yawa ba. Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa, a wurare irin su Bongo a arewacin Ghana, inda dutsen yankin ke sakin sa cikin ruwan rijiya. Can an toshe rijiyoyin burtsatse da suka haura 1.5.

Toshewar daidai ce, amma tana ci mini rai. An kashe kuɗi an haƙa, an rufe, mata sun koma rafi da bokiti, inda cutar gudawa ke jira. Kuma a zafin Bongo mutum ya fi shan ruwa, alhali ma'aunin ɗaya ne da na ƙasa mai sanyi.

Wanda ya haƙa burtsatse a gidansa, ya kai ruwan a auna kafin yara su fara sha, don fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari.