Tsaron saƙonnin waya

Tsaron saƙonnin waya shi ne duk matakin da ake ɗauka don kada wanda ba a aika wa saƙo ba ya karanta shi, kuma kada ɗan damfara ya bi ta saƙo ya raba mutum da kuɗinsa ko layinsa. Ya shafi gajeren saƙo na SMS da na manhajoji irin su WhatsApp da Signal da Telegram. A Damagaram maganar ta wuce ta ƴan boko, domin ta waya ɗan kasuwar Dole yake tura wa abokin cinikinsa na Kano lissafin kaya, ta waya kuma ɗan ci-rani a Libiya yake sanar da gida lambar karɓar kuɗi.

An aika SMS na farko ranar 3 ga Disamba 1992 a Ingila, daga kwamfutar injiniya Neil Papworth zuwa wata waya a layin Vodafone. Saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Ba a gina shi da kwaɗo ba. Yana ratsa na'urorin kamfanin waya a buɗe, kuma tsarin SS7 da kamfanoni ke magana da juna da shi ya samo asali tun shekarun 1970, lokacin da babu wanda yake tsoron baƙo zai shigo. A 2014 masana suka nuna a birnin Hambug yadda za a tare saƙo ta wannan kafa, a 2017 kuwa ɓarayi suka tare lambobin tabbatarwa da banki ke turawa ta SMS a Jamus suka kwashe kuɗin mutane.

WhatsApp ya kammala kulle saƙonninsa a Afrilun 2016 da fasahar Signal, ta yadda wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai ke riƙe da mabuɗi. Telegram ba ya yin haka sai an zaɓi hirar sirri.

Sai dai irin wancan kutse na ƙwararru ba shi ne ya fi cin talaka ba. Ɗan damfara ba ya fasa ƙofa, sallama yake yi a buɗe masa. Idan yana son WhatsApp ɗin mutum, sai ya sa lambar wayar mutumin a tasa wayar, kamfanin kuma ya tura lambobi 6 ta SMS zuwa ga mai layin. Nan take sai kira ya shigo da Hausa tsantsa da ladabi: «Ranka ya daɗe, an sa ka cikin zauren tallafi, karanto mini lambar da ta shigo yanzu.» Da ya karanta, shi ke nan. Kafin la'asar ƴan uwansa sun fara samun saƙo da sunansa da hotonsa cewa yana asibiti, a taimaka da jaka ashirin. Abin da ya fi ciwo shi ne masu zumunci ne ke fara turawa.

Wata dabarar ita ce saƙon bogi mai kama da na shigar kuɗi, sai a bugo ana roƙo cewa kuskure aka yi, don Allah a mayar. Magani shi ne a duba ragowar kuɗin asusu da kai kafin a motsa. Akwai kuma saƙon cin kyauta ko na ɗaukar aiki mai ɗauke da adireshin intanet, wanda ke kai mutum shafin da zai rubuta lambar sirrinsa da hannunsa. Akwai musanyar sim, inda ɓarawo ke sa a ba shi sabon kati da lambar wani. Hakan ya faru ga Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a Agustan 2019.

A nan gida akwai kafa biyu da ba a cika ambata ba. Saƙonnin kamfanoni da Faransanci suke zuwa, dattijo kuwa yakan miƙa wa duk wanda ke kusa ya karanta masa, har da lambar sirri. Idan wuta ta ɗauke kuma, wayoyi kan kwana jere a teburin mai caji, wasu ba kulle a fuskarsu. Yawancin masu caji mutanen kirki ne, amma teburin na kowa ne.

Kariyar ba ta da tsada. A kulle fuskar waya, a hana saƙo bayyana a kanta tana kulle, a sa wa sim lambar PIN, wadda kuskure uku ke toshewa sai da PUK, wato lambar buɗewa da kamfanin waya ke bayarwa. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambobi 6 da mutum ya zaɓa da kansa, kada su zama shekarar haihuwa. Wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, a kira shi a ji muryarsa.

Wanda aka ƙwace wa WhatsApp ya sake rajista da lambarsa, sabuwar lambar da za ta zo ta SMS tana fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu da nasa lambobin, sai an jira kwana 7. Layi idan ya mutu haka kawai, wataƙila musanyar sim aka yi, a je ofishin kamfani da katin shaida a ranar. A Nijar doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ce ke hukunta laifukan intanet, ana kuma kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma tare da saƙon da lambar da ta aiko shi, don haka kada a goge su.