Ku daina yanke wa yara magani don an sa ranar aure

Duk shekara haka muke fama, mu ma'aikatan asibiti. Da an gama jarrabawar bakaloriya, ko bukukuwan aure sun kankama bayan sallah, sai matasan da ake bi da maganin ciwon ƙwaƙwalwa tun suna shekara 15 ko 16 su ɓace daga layin asibiti. Bayan wata uku ko biyar a dawo da su, wani a ɗaure, wani a kan babur mutum biyu sun sa shi a tsakiya. A buɗe karne, wato littafin asibitin majiyyaci, a ga ranar ƙarshe da aka karɓi magani, a tambayi dalili, amsar ɗaya ce daga Garwa har Kuseri: "Ai ya warke." Ko kuma: "An sa mata rana, ba ma so dangin miji su ji."

Haba iyaye! Lafiyar da kuka gani, ai maganin ne ke riƙe da ita.

Muddin yaro yana gida, Inna ce agogonsa. Ita ke miƙa ƙwaya bayan isha'i, ita ke tuna ranar komawa asibiti. Ranar da ya samu gurbi a jami'ar Marwa ko Ngaundare, ko ya sayi babur ya shiga haya, ko aka kai yarinya ɗakin mijinta, wannan agogo ya tsaya, ba a kuma damƙa aikin a hannun kowa ba. Ga sabon gari, ga neman kuɗin haya, ga raba dare ana karatu, ga abokai masu miƙa tiramol wai don ƙarfin aiki. A daidai wannan gaɓar, da matashi ya fi bukatar magani, a nan kuke yanke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14, don haka ba ɗanku kaɗai ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Wanda ya yi taɓin hankali karo na farko, yana jin muryoyi ko yana zargin ana binsa, zai ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamu sun ɗauke gaba ɗaya. Mai ciwon damuwa mai tsanani, wata 9 zuwa 12 bayan ya dawo daidai, kuma shi maganin damuwa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa sosai, kada a ce bai karɓe shi ba a mako na biyu. Wanda ciwon ya taɓa dawo masa, lissafinsa ya fi haka tsawo. Ko lokacin dainawa ya yi, likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Gwaggo ba ta da wannan hurumin, mai kantin magani ma ba shi da shi.

Na san abin da ke korar yaran, illolin magungunan ne, kuma suna da gaskiyarsu. Haloperidol kan sanƙarar da wuya, ya juya ido sama, hannu ya riƙa rawa. Largactil kan sa barci da jiri in an miƙe tsaye da sauri. Risperidone kan sa ƙiba, ya ɗauke wa yarinya al'ada, wani lokaci har ruwan nono ya zubo. Saurayi kuma ya ga ƙarfinsa na ɗa namiji ya ragu, ga aure saura wata biyu, kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai ya riƙa zuba ƙwayar a masai. Yarona, da ka faɗa mana! Duk waɗannan suna da gyara: a rage yawan magani, a mayar da shi dare, a canza wani, ko a ƙara na hana sanƙarewa na ɗan lokaci. Wanda shan ƙwaya kullum zai tona masa asiri a ɗakin kwanan ɗalibai, akwai allurar da ake yi sau ɗaya duk mako 2 zuwa 4, a tambaya ko ana samunta.

Maganar 'yan mata ta fi ci mini rai. Hajiya, kin ɓoye wa ango, kin ƙwace maganin ranar kai amarya, kina ganin kin rufa wa 'yarki asiri. To ciwon zai tashi a gidan da ba wanda ya san shi. A ce aljanu ne, a ce kishiya ce ta yi sammu, a yi ta hayaƙi wata da watanni, daga ƙarshe takardar saki ta biyo baya. Kuma makonni biyun farko na jego su ne mafi hatsari ga wadda ta taɓa irin wannan ciwo. Yarinyar da ke shan Depakine dole a zauna da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa jariri, amma ba a tsayar da shi dare ɗaya a gida. Carbamazepine kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Wa zai gaya mata wannan in kun ɗauke ƙafa daga asibiti?

Ba wanda ya hana ruƙiya. A yi addu'a, a sha rubutu, a haɗiye ƙwaya. Azumi ma ba dalili ba ne, ana iya daidaita lokacin sha zuwa buɗa-baki da sahur in an zo an tambaya kafin wata ya kama.

Kafin yaro ya bar gida, ga abin yi a gurguje. Ku zo tare da shi wata guda kafin tafiya. A rubuta masa takardar da zai kai asibitin garin da za shi, da sunan magani da yawan da yake sha. Ya ɗauki hoton karne a wayarsa. Ya tafi da maganin wata biyu in da hali. Mutum ɗaya amintacce a can, kawu ko yaya ko miji, ya san gaskiya. A bar shi ya shiga wajen likita shi kaɗai na ɗan lokaci, akwai abin da ba zai faɗa a gaban Baba ba.

In ya kwana biyu ko uku ba barci, ya fara surutu ko zargi, ya daina wanka, ku kawo shi a makon nan. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da igiya, a kawo shi yau. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar jiki duka, shi ma na gaggawa ne.

Waɗanda kuka riga kuka yanke, kada ku koma ku ninka ƙwaya don rama kwanakin da suka wuce. Ku ɗauko karne da ragowar maganin ku zo. Za mu yi faɗa kaɗan, sannan mu sake farawa daga ƙasa.