Tambarin SELinux ya sake canzawa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan duk wata sai wani ya zo mini da kuka iri ɗaya: "Malam, na gyara, ya yi aiki, yau kuma ya koma gidan jiya." Na tara amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake bugo mini waya. Maganar ta SELinux ce, wato tsarin tsaro na Linux da ke amfani da tambarin da ke kan fayil wajen yanke wane shiri ne zai iya taɓa shi. Misalan duka na nau'o'in Linux ne: Fedora da RHEL da danginsu irin su Rocky da AlmaLinux.

Wai mene ne tambarin nan?

Buga `ls -Z` ka gani da idonka. Za ka ga abu kamar `system_u:object_r:httpd_sys_content_t:s0`. Kashi na uku, mai ƙarewa da `_t`, shi ne nau'in fayil, kuma kusan duk rigimarka a kansa take. Tambarin a jikin fayil yake manne, a wani gurbi mai suna `security.selinux`.

Na yi chmod 777, na buɗe wa kowa izinin fayil, har yanzu Apache, shirin da ke nuna shafin yanar gizo, na ba ni 403, wato an hana shiga.

Gyaran gangar Auzinawa ka yi. Mayar da izinin yadda yake yanzu-yanzu. Ƙofa biyu ce: ta farko ta chmod, ta biyu ta SELinux. Ka ɓalle ta farko, ta biyu tana nan a kulle, kuma ba ruwanta da wane ne mai fayil.

Na sa tambari da chcon, me ya sa ya goge?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin amsarta ita ce amsar rabin sauran. Abin da ke jikin fayil kwafi ne kawai. Asalin maganar tana cikin kundi, a `/etc/selinux/targeted/contexts/files/file_contexts`, inda aka rubuta cewa duk fayil da ke hanya kaza nau'insa kaza ne. Umarnin `restorecon` ba ya tambayarka abin da kake nufi. Yana duba hanyar fayil, ya duba kundi, in sun saɓa ya bi kundi. Shi kuwa `chcon` jikin fayil kaɗai yake taɓawa, kundin bai san an yi ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne tambarin chcon ba ya gogewa don an kashe na'ura an kunna. Yana iya yin wata shida lafiya lau, har ka manta ka taɓa sa shi. Ranar da aka sake tambari, ranar zai tafi. Rubuta dokar a kundi, sannan ka aiwatar da ita:

`semanage fcontext -a -t httpd_sys_content_t "/srv/shafi(/.*)?"`

`restorecon -Rv /srv/shafi`

Na farko ba ya canza fayil ko ɗaya, doka kawai yake rubutawa a `file_contexts.local`. Na biyu shi ke bin fayilolin. Sai an yi biyun.

Amma ni ban buga restorecon ba.

Ba sai kai ba. Idan aka sabunta kunshin `selinux-policy`, yana bin wuraren da dokarsu ta canza ya sake musu tambari. Kunshin da aka sake girkawa yana sauke fayilolinsa da tambarin kundi. Abokin aikinka ma yana iya bugawa bai gaya maka ba.

Na kai fayil inda ya dace, amma tambarinsa na tsohon wuri ne.

Da `mv` ka kai shi. Na taɓa zama kusa da wani matashi da ya kwana biyu yana fama da wannan. Ya haɗa shafinsa a `/home`, ya kwashe zuwa `/var/www/html`, ya sake girka Apache sau biyu, idonsa ya yi ja. Muka buga `ls -Z` tare, sai ga `user_home_t` a kan kowane fayil. Layi ɗaya na restorecon ya raba gardama, ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba.

Dalilin shi ne, a kan diski ɗaya `mv` suna kawai yake sauyawa, fayil ya tafi da tambarinsa. Shi `cp` sabon fayil yake ƙirƙira, sabon fayil kuma yakan gaji nau'in foldar da aka haife shi a ciki. Sai dai `cp -a` yana kwaso tsohon tambarin shi ma. In dole sai mv, ƙara masa `-Z`.

In kashe SELinux ɗin in huta?

A'a. In kana son ka tabbatar shi ne ke hana ka, buga `setenforce 0`, wanda ke dakatar da hanin na ɗan lokaci, ka gwada, ka mayar da `setenforce 1`, sannan ka karanta `ausearch -m avc -ts recent`. Sunan shirin da aka hana da tambarin fayil ɗin suna nan a rubuce.

Na riga na kashe shi shekara biyu da suka wuce a kan sabar da ke aiki. Yaya zan dawo da shi ba tare da na rushe komai ba?

To, a nan zan tsaya, don ba ni da amsa guda da ta dace da kowa, kuma duk wanda ya ba ka layi ɗaya ya ce shi ke nan bai ga sabarka ba.

Abin da ya faru a shekara biyun nan shi ne duk fayil ɗin da aka ƙirƙira ba shi da tambari sam, har da muhimmai irin `/etc/shadow` da duk abin da aka sabunta. In ka kunna SELinux kai tsaye a yanayin `enforcing`, wato mai hanawa da gaske, zai ɗauke su a matsayin `unlabeled_t`, kuma mai yiwuwa ne na'urar ta ƙi tashi, ko ta tashi ta hana ka shiga. Saboda haka `SELINUX=permissive` za ka fara sa wa a `/etc/selinux/config`, wato yanayin da yake rubuta ƙorafi kawai ba ya hanawa. Ka duba kuma ko akwai `selinux=0` a layin tayar da na'ura, domin daga RHEL 9 ta nan ake kashe shi gaba ɗaya, kuma in yana nan abin da ka rubuta a config ba zai yi aiki ba. Daga nan sai `fixfiles -F onboot`, wanda ke ajiye fayil ɗin `/.autorelabel`. Na'ura ta tashi, ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ta gama, ta sake kunna kanta.

Tsawon lokacin da zai ɗauka ba zan iya faɗa maka ba. Yawan fayiloli ne ke ja, ba girmansu ba. Diski cike da manyan bidiyoyi yana iya gamawa kafin ka sha shayi, sabar wasiƙu mai miliyoyin ƙananan fayiloli a kan tsohon diski kuwa tana iya cinye maka dare. Duk tsawon lokacin nan SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ba ya tashi. In sabar tana wani gari kuma ba ka da hanyar ganin allonta, za ka zauna cikin duhu, ba ka san ko aiki take ko ta maƙale ba, kuma a nan ne mutane ke firgita su sa a danna maɓallin kashewa. Nemi hanyar ganin allon tukuna. Ka kuma tabbatar da batir ko janareta. In wuta ta ɗauke a tsakiya ba tashin duniya ba ne, domin sai an gama ake share `/.autorelabel`, aikin zai sake farawa ne daga farko, amma ka yi asarar awannin.

Sai maganar `-F`, wadda ni kaina nake taka-tsantsan da ita. Ba tare da ita ba, restorecon nau'i kawai yake gyarawa, kuma yana tsallake wasu nau'o'in da aka jera a fayil ɗin `customizable_types`, irin su `container_file_t` da `svirt_image_t`, don an san da gangan ake sa su. Da `-F` kuwa babu wanda yake tsallakewa, tambarin duka yake sauyawa har kashi na ƙarshe. Ga na'urar da ta daɗe a kashe, a ganina hakan ake so, kuma a lokacin tashi babu kwantena (shirin da aka killace shi kaɗai) ko kwamfutar cikin kwamfuta da ke gudana. Libvirt, mai kula da kwamfutocin cikin kwamfuta, yana sake sa wa diskinsu tambari idan ya tayar da su. Foldar da ka ba Podman, mai gudanar da kwantena, da `:Z` kuwa tana ɗauke da lambobi na musamman irin `s0:c12,c340`, za su goge, kuma galibi sake ƙirƙirar kwantenar yana dawo da su. Na ce galibi, ka gwada a kan guda ɗaya tukuna. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne `restorecon -RF /` da rana tsaka alhali duk waɗannan suna gudana, domin za ka janye musu tabarma suna zaune a kai.

Kada ka ɗauka kuma an taɓa komai. Diskin da ba a haɗa shi lokacin tashi ba, ba a bi ta kansa ba, sai ka haɗa shi ka bi shi da hannu. Kuma foldodin da ka ƙirƙira da kanka, kamar `/data`, kundi bai san su ba, `default_t` za su samu, wanda kusan babu shirin da aka yarda ya taɓa shi. Don haka bayan ta tashi, bar ta a permissive kwana da kwanaki, har ayyukan dare da na ƙarshen mako su gudana, kana karanta ausearch kana rubuta dokoki da semanage. Sai ƙorafin ya ɗauke za ka koma enforcing. Ko mako ɗaya ne ko wata guda, sabarka ce za ta gaya maka.

Na canza kalmar sirrin root ta rd.break, hanyar ceto ta lokacin tayar da na'ura, yanzu ba wanda ke iya shiga.

Kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓace. An sake rubuta `/etc/shadow`, fayil ɗin kalmomin sirri, lokacin da dokokin SELinux ba su hau ba, ya rasa `shadow_t`. Koma ta hanyar da ka bi, buga `touch /.autorelabel` a cikin chroot ɗin, ka sake kunnawa.

Ba hukumar leƙen asirin Amurka ce ta ƙirƙiro shi ba?

Ita ce, NSA. Ta sake shi a fili a 2000, ya shiga cikin Linux a 2003, kuma kowa na iya karanta lambobinsa. Wayar Android da ke hannunka tana aiki da shi gaba ɗaya tun sigar 5.0 ta 2014.

Na rubuta doka biyu da semanage, wadda ba na so ita ke aiki.

A dokokin da ka ƙara da kanka, ta ƙarshe ake fara dubawa. In ka rubuta ta ƙaramar folda sannan ka biyo ta da ta babba, babbar ta danne ta. Duba jerin da `semanage fcontext -l -C`, share da `-d`, ka sake rubutawa: babba da farko, ƙarama daga baya.

Filashi da NFS fa? restorecon ya ƙi taɓa su.

Filashi mai FAT ba shi da gurbin ajiye tambari, NFS ma, wato foldar da ake haɗowa daga wata na'ura, sai daga siga 4.2 ya iya ɗaukarsa. Ba su tambari ɗaya wajen haɗawa, da zaɓin `context=` na mount.

Ina tsoron buga restorecon, kada ya ɓata mini wani abu.

Tsoron ya yi daidai, kuma akwai maganinsa. Buga `restorecon -Rnv` da hanyar foldar. Harafin `n` yana sa ya jero abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba. Karanta jerin layi-layi. Duk inda ka ga zai cire tambarin da kai ka sa da chcon, tsaya ka rubuta masa doka da semanage, ka sake gwadawa har layin ya ɓace, sannan ka cire `n` ɗin.