Waiwaye: Ta Ina Turare Da Alkyabba Suka Shigo Cocin Anglikan Da Na Lutaran?

Da zarar an ɗora hoton wani limamin Anglikan ko na Lutaran a Facebook, sanye da alkyabba mai launi, kyandirori na ci a kan bagade, yaro a gefensa yana kaɗa kaskon turare, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce an kama hanyar Roma, ana son a mayar da mu Katolika ta bayan fage. Wasu su ce ai dama wannan ne gadonmu, ihu a kan mumbari da kwanan addu'a da lasifika su ne baƙin. Kowane ɓangare yana magana kamar bara aka fara abin, alhali gardamar ta doshi shekara ɗari biyu a wajen Anglikan, a wajen Lutaran kuwa ta girmi haka nesa.

Farkon labarin sananne ne. Martin Luta bai rushe tsohon tsarin sujada ba, gyara shi ya yi: ya fitar da tsari da Latin a 1523, sannan wani da Jamusanci a 1526. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530, a sashe na 24, ta musanta zargin cewa Lutaran sun soke sujadar Jibin Ubangiji. Cocin Suwidin ya riƙe bishop-bishop da tufafin bagade. Daga baya ne farkawar da ta fifita tuba ta zuciya da nazarin Littafi Mai Tsarki a gida ta rage wa waɗannan abubuwa daraja a wurare da yawa. A Ingila kuma, kafin a shiga shekarun 1830, majami'u da dama sau uku ko huɗu kawai suke cin Jibin Ubangiji a shekara, mumbari ya shafe bagade. Sai John Keble, limami kuma malamin jami'a, ya yi wa'azinsa a Oksfod ranar 14 ga Yuli 1833, aka bi shi da ƙasidu 90 masu kira a koma ga tsohon gadon ikilisiya zuwa 1841, John Henry Newman, jagoran wannan tafiya, ya koma Katolika a 1845. Yawancin masu ba da tarihin a nan suke tsayawa, shi ya sa ake ɗauka cewa malaman jami'a ne suka kawo turare.

Ba su ba ne. Malaman Oksfod koyarwa ce ta dame su: mece ce ikilisiya, daga ina ikon bishop ya fito, me ke faruwa a kan bagade. Edward Pusey, wanda ya zama jigon tafiyar bayan Newman, ya daɗe yana jan kunnen matasan limamai kada su yi gaggawar batun tufafi. Wanda yake son ganin inda koyarwar ta sa riga ta fito fili, sai ya bar jami'a ya shiga unguwannin talakawa, a lokacin annobar amai da gudawa.

A 1849 kwalara ta faɗa wa Plymouth, garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Akwai wata ƙaramar ƙungiyar sistoci ta Anglikan da Priscilla Lydia Sellon ta kafa ba da daɗewa ba, abin da jama'a ke kallo da zargi domin tun zamanin gyaran ikilisiya ba a saba ganin irinsu ba. Matan nan suka shiga jinyar masu cutar dare da rana. Suka roƙi limamin cocin Bitrus Mai Tsarki, George Prynne, ya riƙa ba su Jibin Ubangiji kowace safiya kafin su fita, domin babu wadda ta san ko za ta kai yamma. Ya amince. Ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka dawo da Jibin Ubangiji na kullum a Cocin Ingila tun ƙarni na 16. Ba taron malamai ne ya zartar da shi ba. Matan da ke wanke marasa lafiya da gawa ne suka nema.

Irin wannan ya sake faruwa a Landan. Charles Lowder ya buɗe aikin bishara a 1856 a Wapping, unguwar 'yan dako da ma'aikatan jirgin ruwa, inda mutane da yawa ba su iya karatu ba. Littafin Addu'a na 1662 kyakkyawa ne, amma na mai iya bin rubutu ne. Lowder da abokan aikinsa suka ga cewa wanda ba zai bi shafi ba zai bi haske, da launi, da durƙuso, da ƙararrawa, da waƙa. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. Daga 1859 zuwa 1860 an yi watanni ana tayar da tarzoma a cocin St George da ke gabashin birnin, wanda aikin Lowder ke ƙarƙashinsa, ana ihu a tsakiyar sujada, har da shigo da karnuka. A ƙarshen Yunin 1866 aka keɓe sabon cocin Lowder, St Peter na tashar jiragen ruwa, kuma kwanaki kaɗan bayan haka kwalara ta ɓulla a unguwar. Ta kashe dubban mutane a gabashin Landan cikin wannan bazarar. Masu hali suka fice. Lowder da limamansa da sistoci suka tsaya, shi da kansa yana ɗaukar yara marasa lafiya zuwa asibiti. Pusey ma, duk da tsufansa, ya zo unguwar Bethnal Green a gabashin Landan ya yi aiki a cikin masu jinya. Bayan annobar ne mutanen Wapping suka fara kiran Lowder da Fada, kuma tarzoma a kan kyandir ba ta sake samun gindin zama a unguwar ba.

A ganina nan ne maganar ta juya. Abin da ya biyo baya a kotuna ya fi shahara: dokar 1874 ta tsara sujada, limamai biyar da aka ɗaure tsakanin 1877 da 1887, hukuncin shari'ar bishop na Lincoln a 1890 da ya halatta kyandir a kan bagade, da hukumar bincike ta 1906 da ta ce dokar sujada ta yi wa rayuwar addinin zamanin ƙunci. Amma tun kafin doka ta sassauta, jama'ar unguwa sun riga sun yanke nasu hukuncin. Sun ga wanda ya zauna da su ranar da kowa ya gudu. A Jamus ma haka zaren ya tafi: Wilhelm Löhe, wanda ya farfaɗo da tsohon tsarin sujadar Lutaran a ƙauyen Neuendettelsau, shi ne ya buɗe gidan horar da mata masu hidimar marasa lafiya a 1854. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an mai da maganar ta tsaya a kan tsadar yadi da tsawon hula. Damina ba ta wucewa a ƙasarmu ba tare da an ji labarin amai da gudawa a wani gari ba, kuma cocin da ya sayi kaskon turare ya kamata a san shi a bakin gadon asibiti.

To me ya sa abin yake mana kamar baƙo? Saboda ƙofar da bishara ta shigo mana. Ƙungiyar mishan ta Anglikan mai suna CMS, wadda aka kafa a 1799, ta ɓangaren masu fifita wa'azi da karatun Littafi ce. Ita ta kawo Samuel Ajayi Crowther bakin Neja, ita ta kawo Dakta Walter Miller wanda ya zauna Zariya daga 1905 kafin aikin ya koma Wusasa a 1929. Wanda ya tashi a wannan gida farar riga da baƙin gyale ya sani a jikin limami. Bahaushen da ya je Kumasi ko Akara ya shiga cocin Anglikan kuwa zai iske turare da ƙararrawa, ana kiran limami Fada, domin SPG, wata ƙungiyar mishan ta Anglikan mai son tsohon tsarin bagade, ce ta yi aiki a can. Haka Zanzibar, inda 'yan mishan na jami'o'in Ingila suka gina babban cocinsu a filin tsohuwar kasuwar bayi.

Lutaran na Adamawa ma ta irin ƙofar CMS suka shigo. Dakta Niels Brønnum ya isa Numan a 1913 ƙarƙashin reshen Denmak na SUM, ƙungiyar mishan da ta haɗa ɗarikoki daban-daban a kan wa'azin bishara, ba a kan tsarin bagade ba. Sai a 1973 cocin ya sami bishop na farko, Akila Todi, shekara 60 bayan zuwan Brønnum. Dattijon da aka yi wa baftisma kafin wannan shekara ya girma bai taɓa ganin sandar bishop a cocinsu ba, jikansa kuwa da ya shiga makarantar tauhidi zai karanta sashe na 24 na Augsburg tun a aji ɗaya.